Ranar da Bututu Ya Fito Shan Iska

Bututun gas ɗin da ya ratsa ta bayan garinmu Tinfaras ya girmi ƙanena Lahdar, amma a cikin tsararrakinmu babu wanda ya taɓa ganinsa da ido. Mun san yana nan ne saboda turakun ƙarfe masu rawayen kai da aka jera a kansa, sai kuma Wahiba, ma'aikaciyar kamfani, wadda take zuwa daga arewa duk shekara bayan an gama yankan dabino, ta bi layin a ƙafa da na'urarta tana auna ƙasar da ke kansa. Doka ta ce sai ƙasar ta kai ƙirjin namiji tsayayye. In ta gaza haka, mota mai nauyi ɗaya ta isa ta tashi garin duka.

A wannan shekarar Wahiba ba ta buƙaci na'ura ba. Da hantsi ta zagayo bayan babban tudun rairayi, ita da jandarma, wato ɗan sandan da ke yi mata rakiya, suka tarar da bututun kwance a fili, baƙi wuluk, yana shan rana. Turaku uku sun ɓace. Lahdar kuma yana tsaye a kansa riƙe da shebur, jakinsa da amalankensa a gefe.

Kafin azahar duk garin ya gama yanke masa hukunci. Matan da na sha yi wa kitso suka riƙa sauya hanya in sun hango ni. Babban jandarma ya ce taɓa bututu ba wasan yara ba ne, shekaru ne a gidan yari, kuma bayan sallar Juma'a mota za ta kai Lahdar birnin Insala. Ni na goyi yaron nan tun da mahaifiyarmu ta rasu, ni na haɗa masa kayan auren da za a ɗaura da sanyin bana.

Na same shi zaune a kan benci a ɗakin jandarmomi, ya zuba wa yatsun ƙafarsa ido.

"Kai ka tona?"

"Ban tona ba, Yaya Mbarka."

"To uban me ya kai ka can da shebur? Dabino aka shuka a kan bututun?"

Ya yi shiru.

"Turakun fa?"

Shirun dai. Na san irin shirun nan tun yana ƙarami, na wanda ya san abu ne ya kulle shi a ciki. Na ajiye masa gurasa da madarar akuya da ƙarfi har ta zube, na fita ina kuka don haushi, na nufi gidan Kawu Buhafs.

*

Kawu Buhafs, yayan mahaifiyarmu, mai bin sawu ne. Raƙumin da ya ɓace, akuyar da aka sace, matafiyin da ya saki hanya, duk shi ake kira. Mutum ne da in ka gan shi yana tafiya za ka rantse barci yake yi a tsaye: ido a lumshe, rawani a karkace, hannu a baya. Ni mai gaggawa ce, shi kuwa ko gobara ta tashi sai ya shanye shayinsa kofi uku.

"Zauna, 'yar ƙanwata. Sawu ba ya gudu."

"Iska tana share shi, Kawu."

"Wanda ta share ma ta bar nata."

Da ya ga dama muka kama hanya. A bakin magudanar ruwa, inda gonakin dabino suka ƙare, muka wuce Baba Hammu makaho a inda ya saba zama. Shi ne gwanin hawan dabino na garin nan kafin idonsa ya tafi, har yau damatsansa kamar igiya suke. Yana ɗauke da reshen dabino a cinya, yana bin sa da ɗan laujensa yana fige ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya kafin ya sa hannu, ga tulinsu nan a gefen ƙafarsa.

"Takun Buhafs nake ji," in ji shi. "Da na wata mai fushi."

"Mbarka ce, Baba."

"Allah ya kuɓutar da yaron." Ya ci gaba da figar ƙaya. "Ɗazu nake ce wa Mas'uda, yaron nan ba shi da mugun hannu."

Lalla Mas'uda matarsa ce, ta daɗe da rasuwa, amma yana ba ta labarin gari kullum, mu kuma mun saba. Na amsa addu'ar na ja Kawu muka wuce.

A wurin bututun, rana ta narkar da sararin sama har tuddai suna rawa a ido. Kawu ya durƙusa ya daɗe, har na fara zaton barcin ya ɗauke shi da gaske. Can ya nuna inda bakin shebur ya ci yashi.

"Dubi nan. Daga nesa yake ɗebowa yana watsawa kan bututun. Wannan rufewa yake yi."

Babban jandarma, wanda ya biyo mu a mota, ya ɗaga kafaɗa. "Na ji, Alhaji Buhafs. Amma ɓarawo ma in ya gama tono, rufewa yake yi. Kawo mini wanda ya tona, in ba ka yaronka."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa na ji na ƙara tsanarsa.

*

Mutum biyu garin yake nunawa da baki in an gaji da sunan Lahdar. Na farko Kaddur mai walda, wanda ko cokalinka ka manta a ƙofarsa sai ka gan shi washegari a jikin taga. Muka same shi yana gyaran ƙofar wani shago.

"Turaku? Ni?" Ya ɗage baƙin gilashinsa. "Buhafs, ƙarfen nan ko kyauta aka ba ni ba na so. Fenti ne kawai, cikinsa holoƙo. Na taɓa ƙwanƙwasa ɗaya na ji."

"Ashe ka taɓa ƙwanƙwasawa," na ce.

"Ke ma in kin ga tulu a kasuwa kina ƙwanƙwasawa, ba ya nufin kin sata."

Kawu ya bar mu muna musu. Ya zagaya cikin tarkacen ƙarafan yana kallon ƙasa, ya dubi takalman Kaddur, waɗanda aka yi wa tafi da tsohuwar taya, ya girgiza kai. Rabon takalman nan da rairayi an daɗe.

Na biyu Balhair mai raƙuma, wanda ya taɓa cika baki a kasuwa cewa wata rana sai ya tuge turakun nan, don sun tare wa dabbobinsa hanyar rijiya. Shi kam har na sa rai. Muka same shi a ƙarƙashin wata tsamiyar sahara yana dafa shayi.

"Na faɗa, kuma gobe ma zan faɗa," ya ce. "Amma faɗa daban, yi daban. Ni ma na yi watanni ban bi ta wajen ba. Raƙuman sun ƙi hanyar."

Kawu ya buɗe ido, a karo na farko tun da muka fito. "Don me?"

"Ƙasar ta yi tauri. Da yashi ne mai laushi, yanzu tsakuwa ce tsirara, tana ci musu ƙafa. Kamar an bi wurin da tsintsiya."

Kawu ya karɓi shayin ya sha a hankali. Ni kuwa na ajiye nawa, don ranar ta tafi, Alhamis ce, kuma ba mu kama kowa ba.

*

Washegari da sassafe muka tarar da Wahiba ta riga mu zuwa layin. Doguwar mace ce mai ƙaramar murya, ta naɗe kanta da mayafi irin namu wanda wata ta koya mata naɗinsa bara. Tana tafe a hankali, na'urar tana lilo a hannunta tana wani ɗan kuka siriri, in ta zo daidai saman ƙarfe kukan ya cika, sai ta tsaya ta duba. Kawu ya bi ta a baya da irin tafiyarsa. Na tsaya ina kallonsu, mutum biyu suna sauraron ƙasa cikin hasken safiya, har na ɗan manta da abin da ya kawo ni.

"Abin ya hana ni sukuni, Alhaji," ta ce da ta tsaya. "Na sha ganin inda aka tona. Rami yana da baki, zurfin ƙasar da ke kan bututu yana nan lafiya, sai ka yi taku ɗaya ka ga ya faɗi. Wannan ba haka yake ba."

Ta tsuguna ta zana da yatsa a kan yashi. Layi ya taho a miƙe, ya fara sauka sannu-sannu, ya kwanta, sannan ya sake hawa sannu-sannu. "Daga can yake fara raguwa, wajen turken da ya rage. Ba ya komawa daidai sai gaban waccan tsakuwar. Wa zai kwashe ƙasa mai faɗin nan da shebur, ya kuma lallashe ta haka sumul?"

Kawu ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya ce ta tsaya a inda raguwar ta fara, ni in tsaya inda ta ƙare. Shi kuma ya tsaya a tsakiya, ya warware bakin rawaninsa ya sake shi. Iska ta ɗauke shi, daga gabas maso arewa, inda take fitowa tun kafin a haifi kakanninmu.

"Iska tana kwasa tana kawowa," ya ce, kamar mai magana cikin mafarki. "Abin da ta ɗauka da hagu, ta mayar da dama. A nan tana kwasa, ba ta kawowa. Wani ya tare mata kaya a hanya."

Ya juya ya fuskanci iskar ya fara tafiya, muka bi shi. Babu sawun mutum ko na dabba, tsakuwa ce kawai an share ta fes, faɗinta daidai tazarar da ke tsakanina da Wahiba. Muka bi ta har ta kai mu tsohuwar maƙabarta, wadda jama'a suka sallama wa rairayi tun ina budurwa suka buɗe sabuwa kusa da masallaci.

Na yi zaton tudu zan gani. Sai ga kaburbura a fili, duwatsun kansu a tsaye, an share tsakaninsu, har da ɗan kaskon ruwa na tsuntsaye. Na ga na kakata, wanda na ɗauka ba zan sake gani ba. A gabansu kuma, ta inda iskar take fitowa, ga dogon shinge na rassan dabino, irin wanda muke kira afrag, ya tare rairayi har ya yi tudu a bayansa. Turaku uku masu rawayen kai suna tokare da shi.

A garinmu ba a kafa afrag sai jama'a sun zauna sun yarda, domin yashin da ka tare wa kanka gonar maƙwabcinka yake komawa. Wannan a ɓoye aka yi shi. A gindinsa kuma, inda iska ba ta kaiwa, ga sawun amalanke, ga kofaton jakin da ni da kaina nake ba shi dusa.

Na zauna a ƙasa. "Kawu, mun zo ceto shi mun ƙara ɗaure shi."

Kawu ya matsa kusa da shingen. Ya kama reshe ɗaya daga gindi ya shafa shi har sama da tafin hannu. Ya kama na biyu, ya kama na uku. Ya dubi hannunsa, ya zare ɗaya ya saɓa a kafaɗa.

"Je ki ce wa babban jandarma ya zo da yaron ƙofar masallaci in an sallame."

*

Bayan sallah babu wanda ya tafi cin kuskus. Maza suka zauna a inuwar katanga, mu mata muka tsaya ta bakin lungu. Motar Insala tana tsaye, direban ya bar injin a kunne. Aka zo da Lahdar. Kaddur da Balhair suna gaba-gaba kowa yana hararar ɗan'uwansa, Baba Hammu kuma yana can ƙarshen sahu da sandarsa.

Kawu ya ce Wahiba ta fara. Ta sake zanenta a ƙasa, ta yi bayani a taƙaice cewa hannu bai tona bututun ba. Kawu ya ɗora da labarin shingen, wuri ya ɗauki guna-guni.

"Jakin wa ya kai rassan?" in ji babban jandarma.

"Na Lahdar."

"To ai magana ta ƙare."

"Jakin ya kai. Saura wanda ya kafa." Kawu ya miƙa wa Kaddur reshen. "Kai, sarkin ƙwanƙwasa, duba mini wannan."

Kaddur ya karɓa da yatsa biyu yadda kowa ke karɓar reshen dabino, ya juya shi, ya yi dariya. "Wane mara aikin yi ne ya zauna ya fige masa ƙaya? Ai ƙayar ce ke sarƙe shinge."

"Ita ke hana awaki ci ma," in ji Balhair. "Mai hankali ba ya cire ƙayar afrag."

"Duk shingen haka yake," Kawu ya ce. "Reshe ɗaya babu mai ƙaya. Mai ido yana ganin ƙaya ya kauce mata."

Dariyar ta mutu. Babu wanda ya waiwaya, amma kowa ya san inda bai waiwaya ba. Lahdar ya sunkuyar da kai.

"Miƙo shi nan, Buhafs," in ji Baba Hammu.

Aka miƙa masa. Ya bi gurbin ƙayoyin da babban yatsa.

"Laujena ne. Yaron nan dako kawai ya yi mini, na kuma sa shi ya rantse ba zai faɗa ba." Ya ɗan numfasa. "Mas'uda ce ta ƙarshe da aka kai can. Duk Juma'a nakan je in lalubi dutsenta, sai na ji yana gajarta a hannuna. Ranar da na neme shi na rasa, na yi ta tono da yatsu har la'asar. Mu dai abin da muka sani ke nan tun tasowarmu, yashi abokin gaba ne, tare shi ake yi. Ban taɓa tunanin akwai wanda yake lulluɓa da shi ba."

"Turakun fa, Baba?" Muryar jandarman ta sauko.

"A kwance sandata ta same su, iska ta zare musu ƙasa. Na ja su na tokare shingen. Wannan kam na san ba nawa ba ne. Da aka kama yaron na so in yi magana, sai na tuna in na buɗe baki za a cire shingen." Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake tsaye, ban san yadda ya gane ba. "Mbarka, na zaɓi matacciya na bar rayayye. Ki yafe mini."

Na zo da maganganu cike da baki, waɗanda na tanadar wa duk wanda ya jefa ƙanena a wannan hali. Ko ɗaya ba ta fito ba.

Babban jandarma ya dubi Wahiba. Ta ce kamfani zai turo motoci su rufe bututun, amma muddin shingen yana tsaye, iska za ta sake kwashewa kafin shekara. Ta faɗe shi a hankali, ba ta kalli tsohon ba. Jandarman ya ce in aka cire shingen aka mayar da turakun, shi a wurinsa iska ce mai laifi, kuma ba shi da ɗakin da zai kulle ta. Ya yi wa direba alama ya kashe mota.

*

Gayya aka yi washegari, irin wadda ake yi in za a kafa shinge, sai dai wannan ta cirewa ce, kuma babu wanda ya yi waƙa. Mutane suka riƙa zagaya kaburburan iyayensu suna karanta musu addu'a, don sun san ganin ƙarshe ne. Baba Hammu ya ce kada kowa ya taɓa sai shi ya fara. Lahdar ya kama hannunsa ya kai shi, tsohon ya tuge reshen farko, yashi ya fara zubowa ta gurbin siriri kamar gari daga buhu.

Sannan ya kira Wahiba.

"'Yata, abin nan naki mai kuka, me yake ji?"

"Ƙarfe, Baba."

"Ko yana ƙarƙashin yashi?"

"Ina da wata ƙarama a mota, ita ko ƙarfen bai kai bututu ba tana jin sa, in dai bai yi nisa sosai ba."

Ya zaro laujensa daga ɗamara, wanda ya hau dabinon garin nan kaf da shi. Ya durƙusa ya lalubi dutsen kan Lalla Mas'uda, ya kafa laujen a gefensa har ƙota.

Da shekara ta zagayo, tudun ya riga ya wuce ta kan maƙabartar ya kwanta, babu dutse ko ɗaya a waje. Wahiba ta gama auna layinta, ta ce bututun ya koma zurfinsa. Sai ta ɗauko ƙaramar na'urar, muka hau tudun, ni da ita da Kawu, Lahdar yana jan Baba Hammu. Ta yi ta kai da komo a kan rairayin da babu alamar komai, iska tana kaɗa mayafinta, har na fara cewa a raina an yi wa tsoho alkawarin banza. Can kukan ya cika.

Baba Hammu ya saki hannun Lahdar ya bi sautin da kansa, ya zauna daidai wurin, ya ɗora tafinsa a kan yashin.

"Nawa ne a kanta?"

Wahiba ta duba. "Ya kai ƙirjinka, Baba."

"Yadda doka ta ce ke nan." Ya shafa yashin ya daidaita shi. "A bar mata. Dama ita mai jin sanyi ce."

Sai ya gyara zama ya fara ba ta labarin auren Lahdar, tun daga wanda ya fara zuwa, mu kuma muka sauka muka jira shi a gindin tudun.